Yadda ake gano abin da ya hana sabar ofis aika sanarwar imel

Ofis yana Ƙofar Ƙaura a Katsina, reshensa yana Daura, ma'aikata kuma suna tattaunawa da raba fayiloli a Mattermost ko Nextcloud da aka girka a sabar ofishin. Sai rana ɗaya ƙorafi ya fara shigowa. An ambaci sunan mutum a zaure bai ga imel ba, sabon ma'aikaci yana jiran saƙon gayyata tun safe, wani ya manta kalmar sirri ya nemi a sake masa amma shiru kake ji. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a faɗa shafin saituna ana canza wannan ana canza wancan, har a manta yadda abin yake tun farko. Imel yana da hanyar da yake bi: manhaja ta yanke shawarar aikawa, ta isa sabar SMTP, wato sabar da ke aika imel, ta shiga da suna da kalmar sirri, sabar ta karɓa, sannan akwatin mai karɓa ya bari ya shiga. Ka bi hanyar nan daki-daki, ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, kana rubuta abin da ka taɓa.

Da farko ka tambaya: mutum ɗaya ne ba ya samu, ko kowa? In mutum ɗaya ne, da wuya laifin ya zama na saba. Ka duba adireshin da ya sa a asusunsa harafi-harafi, ka sa shi ya leƙa akwatin spam, ka duba ko ya kashe sanarwar imel a saitunansa. Mattermost ba ta aika imel ga wanda yake kan layi. Sai mutum ya sauka ko ya yi nisa da manhajar fiye da minti 5 take aika masa, kuma a kan ambaton suna ko saƙon kai tsaye. Saboda haka wanda ya bar manhajar a buɗe yana aiki yana jiran imel, zai ta jira ne kawai.

In kowa ne, ka je maɓallin gwaji. A Mattermost yana System Console, ƙarƙashin Environment, sashen SMTP, sunansa Test Connection. Ka kuma tabbata Enable Email Notifications yana kunne a sashen Notifications. A Nextcloud yana Basic settings na shugaban saba, ƙarƙashin Email server. Kafin ka danna, buɗe log, wato fayil ɗin da manhajar ke rubuta abin da ya faru, a wata taga da umarnin tail -f /opt/mattermost/logs/mattermost.log, ko fayil ɗin nextcloud.log da ke cikin babban fayil na data. Layin da ya fito a daidai lokacin da ka danna shi ne zai nuna maka inda za ka nufa. Ka kwafe shi gaba ɗaya ka ajiye.

Idan layin ya ce timeout ko connection refused, saƙon bai ma fita daga gida ba. Daga cikin sabar kanta, ba daga kwamfutarka ba, ka rubuta nc -vz smtp.gmail.com 587, ko sunan sabar imel ɗin da kuke amfani da ita. Ƙofofi (port) uku ne ake mu'amala da su. Ta 25 ta saba zuwa saba ce, kuma Google Cloud da AWS suna toshe fita ta cikinta tun daga farko saboda masu aika saƙonnin banza. Ta 587 tana tafiya da STARTTLS, wato a fara gaisawa a fili sannan a rufe zancen. Ta 465 tana tafiya da TLS, wato rufaffen zance, tun daga kalmar farko. Haɗa 465 da STARTTLS, ko 587 da TLS, yana sa manhajar ta tsaya tana jira har lokaci ya ƙare ko haɗin ya lalace nan take, kuma wannan kuskure ya fi yawa fiye da yadda ake zato. In nc ya ce ya kasa gane sunan, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin IP, ka duba fayil ɗin /etc/resolv.conf. In manhajar tana cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wuri da take gudana a cikin injin, ka tuna localhost a wurinta yana nufin kwantenar kanta, ba injin da take kai ba, don haka Postfix, manhajar aika imel, da ka girka a injin ba za ta gan shi da wannan sunan ba.

Akwai wata matsala da ta fi damun ofisoshinmu na nan, inda sabar take zaune a ɗan ɗaki kusa da inbata. An ɗauke wuta da dare, batir ya ƙare, injin ya mutu. Da safe an tada janareta, komai ya dawo, hira tana tafiya, amma imel ya tsaya, log kuma yana maganar certificate da x509. Ka rubuta timedatectl ka dubi kwanan wata. Idan ƙaramin batirin nan na allon injin, CR2032 mai kama da kwabo, ya mutu, agogo yana komawa shekarun baya duk lokacin da wuta ta yanke. Satifiket na TLS yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma injin da yake zaton yana wata shekara can baya zai ƙi amincewa da shi. Ka kunna daidaita agogo da timedatectl set-ntp true, ka sayi sabon batir ka sa. In agogo daidai yake, ka rubuta openssl s_client -starttls smtp -connect sunan-saba:587 ka karanta ranar ƙarewar satifiket ɗin. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kuma in sabunta kansa ya tsaya ba wanda zai sani sai ranar da ya ƙare. Akwai saitin tsallake tantance satifiket a Mattermost. Ka kunna shi na minti biyu don tabbatar da zarginka in ka ga dama, amma kada ka bar shi a kunne, domin kalmar sirrin imel ɗin ofis ce take bi ta wannan hanyar.

Lambar 535 a log tana nufin an isa, amma an ƙi suna ko kalmar sirri. Tun 2022 Google ta daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na kowa da kowa da kalmar sirri ta yau da kullum. Sai an kunna tantancewa mai mataki biyu, a ƙirƙiri App Password mai haruffa 16, a sa shi a wurin kalmar sirri, sunan shiga kuma ya zama cikakken adireshi. Duk ranar da wani ya canza kalmar sirrin asusun, Google tana soke waɗannan haruffa 16, sai an ƙirƙiri sabo. Shi ya sa yana da kyau ka tambayi sakatare ko akanta ko wani ya taɓa asusun a makon nan. A Microsoft 365 kuma sau da yawa SMTP AUTH a kashe yake, sai shugaban asusun ya kunna wa wannan akwatin.

Sauran lambobin suna da ƙa'ida mai sauƙi: wadda ta fara da 4 ta wucin gadi ce, wadda ta fara da 5 ƙi ne na dindindin. 421 na cewa a dakata a sake gwadawa, galibi saboda an yi yawan aikawa. Gmail na kyauta yana tsayawa a wajen saƙo 500 a rana, Google Workspace na kamfanoni kuma 2,000, kuma ofis mai mutum 60 da zaure mai yawan surutu zai iya cinye 500 kafin la'asar. Kunna haɗa sanarwa wuri ɗaya a Mattermost, wato Email Batching, yana rage wannan sosai. 550 ko 553 kuwa sau da yawa suna zuwa ne idan adireshin da aka sa a matsayin mai aikawa ba na asusun da aka shiga da shi ba ne.

Wani lokaci gwaji yana isa lafiya lau, amma sanarwar gaske ba ta zuwa. A Nextcloud wannan kusan kullum aikin bayan fage ne. In an bar shi a AJAX, ba ya motsi sai wani ya buɗe shafi. Ka mayar da shi Cron, mai gudanar da aiki bisa agogo, ka sa cron.php ya riƙa gudana duk minti 5 da sunan www-data. In kuna da Postfix, mailq zai nuna saƙonnin da suka maƙale da dalilin kowanne. Ka rubuta df -h ma, don faifan da ya cika yana tsayar da layin aikawa ba tare da wani ihu ba.

Saura inda sabarku ta ce ta aika, amma babu abin da ya iso. Daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: duk mai aikawa sai yana da SPF ko DKIM, wato bayanan DNS da ke tabbatar da cewa saƙon daga domen ɗinku yake, mai aika 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka biyun ya ƙara da DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da bai tantancu ba. Gmail tana mayar da wanda ba a tantance ba da lambar 550 5.7.26. Ka rubuta dig TXT da sunan domen ɗinku. Layi ɗaya tak ya kamata ya fara da v=spf1, kuma ya ƙunshi sabar da take aika muku. In biyu ne, duka sun lalace, sai ka haɗe su. Kada kuma binciken DNS da ke cikinsa ya wuce 10. Ka aika gwaji zuwa wani asusun Gmail, ka buɗe Show original, ka ga ko SPF da DKIM sun nuna PASS. In sabar tana fita ta intanet ɗin layin waya, kada ka wahalar da kanka da aikawa kai tsaye: adireshin IP ɗin yana canzawa, ba ka da ikon saita masa PTR, wato bayanin da ke mayar da adireshin IP zuwa suna, manyan akwatuna kuma ba sa amincewa da irinsa. Ka bi ta sabar imel ɗin domen ɗinku a ƙofa ta 587.

Bayan gyara, ka buɗe asusun gwaji, ka fita daga cikinsa, ka ambace shi daga wani asusun, ka jira minti 10. In imel ya zo, ka danna mahaɗin da ke ciki daga wayar wani a Daura. Idan ya kai shi localhost ko adireshi mai farawa da 192.168, ka koma Web Server a System Console ka gyara Site URL.