Idan baki ya karkace: yadda za ka duba jijiyoyin kai kafin is'af (motar asibiti) ta iso

A cikin kai, daidai saman ƙeya, akwai wani guntun sashe mai kaurin babban yatsa da ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Shi ne kututturen ƙwaƙwalwa. Hawa uku ne, kuma na ƙasan ne ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da haɗiya. Jijiyoyin kai 12 ne a kowane ɓari. In ka cire ta sansana da ta gani, sauran 10 daga wannan kututture suke fitowa. Shi ya sa fuska da ido da harshe suke saurin tona abin da ke faruwa a ciki.

A Misfala ko Shara Mansur da ke Makka, in tsoho ya tashi da baki a karkace, za ka ji ana cewa "abu wajh ne, sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ne ya buge shi." Wataƙila haka ne: jijiya ta 7 mai motsa fuska, wadda Larabawa ke kira asabus sabi, ta kumbura. Wataƙila kuma jalɗa ce, wato shanyewar ɓarin jiki. Minti biyu sun isa ka gane inda abin ya dosa.

Zaunar da shi inda akwai haske, ka ce, "Baba, ɗaga girarka sama." Goshi za ka kalla. Kowane ɓarin goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, amma ƙasan fuska daga ɓangare ɗaya kawai. Saboda haka in baki ya zube amma goshi ya yamutse dama da hagu, kuma ido yana rufuwa, matsalar a ƙwaƙwalwa take: kira 997 ko 911 nan take. In kuwa rabin fuskar ne gaba ɗaya ya mutu, goshi sumul, ido ya ƙi rufuwa, an fi zargin jijiyar ita kanta.

Kada ka tsaya a nan, domin a nan ake yin kuskure mai tsada. Tushen jijiya ta 7 yana cikin hawa na tsakiya na kututturen, kuma jalɗar da ta faɗa wurin tana iya kashe har da goshin. Sai dai wurin a cushe yake, da wuya ta taɓa jijiya ɗaya ta bar maƙwabtanta. Su za ka bi.

Ya bi yatsanka da ido, dama, hagu, sama, ƙasa, kai a tsaye. Aikin ta 3 da ta 4 da ta 6 ke nan. Tambaye shi ko yana ganin abu biyu-biyu, ka duba ko fatar ido ɗaya ta sauko. Shafa goshi da kunci da haɓa a ɓarin biyu, ka ji ko wani wuri ya yi dindiris (ta 5). Murza yatsu kusa da kowane kunne (ta 8), ka tambayi jiri. Ya buɗe baki ya ce "aa": beli ya tsaya a tsakiya? Murya ta dushe, ko magana ta yi nauyi? Ta 9 da ta 10 ke nan. Ya ɗaga kafaɗu kana dannawa (ta 11), ya zaro harshe (ta 12), wanda kan karkata wajen da ya raunana. Daga nan ya miƙa hannuwa biyu, ido a rufe, daƙiƙa 10. Fuska ta zube a dama, hannu ya sauka a hagu: alamar kututture ce ƙarara. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, is'af za a kira.

Kafin su iso, riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yinta. Kada a ba shi komai ta baki, ko da zamzam ne. Wanda haɗiyarsa ta taɓu, cikin huhu ruwan yake tafiya. Kada a ba shi asfirin kafin hoton kai, don in jijiyar jini ce ta fashe, ƙara zubar zai yi. Mai ciwon suga a auna shi, faɗuwar suga tana kwaikwayon jalɗa. In barci yana fizgarsa, a kwantar da shi a gefe ɗaya.

In kuma ta 7 ce kaɗai, a je asibiti a ranar, saboda maganin kumburin, firednisolon, ya fi amfani cikin awa 72 na farko. A gaya wa likita in akwai ƙuraje masu ruwa a kunne, wannan yana buƙatar ƙarin magani. Idon da ba ya rufuwa shi ne abin tsoro a busasshiyar iskar Makka: ɗigon hawayen roba da rana, tabarau in za a fita, man ido da filasta a kan fatar ido da dare. Lalas da ake yi a bayan kunne ƙuna kawai yake bari. Yawancin masu wannan ciwo fuskarsu tana fara motsi cikin mako 3, ta dawo daidai cikin wata 3 zuwa 6.