Masu neman tallafin gidauniya, ku gyara dosiye (takardun neman tallafi) tun da wuri

Salam 'yan uwa na Tawa, musamman masu ƙungiyoyin mata da matasa. Galibi gidauniya ba ta ba mutum kuɗi a hannu, ƙungiya take ba, shi ya sa cikin abubuwan da kwamitin gidauniyar ke dubawa akwai takardar amincewar hukuma da asusun banki mai sunan ƙungiya, ba na shugaba ba.

Mu bara dosiyenmu aka maido saboda mun rubuta "taimakon marayu" kawai, wallahi ya yi mini ciwo. Ku faɗi yara nawa, wace unguwa, buhun hatsi nawa, kowane jika nawa, har kuɗin dakon amalanke ku saka.

In an ba ku kuma ku adana rasit ko na biro ne, da shi za ku yi rahoto kafin a saki kashi na 2 na kuɗin, in kashi-kashi ake ba ku.