Kurakuran da aka fi yi wajen sa ƙaramin shel ya ɗauki rubutu kowane tsawo

Satin da ya wuce wani ƙanina da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ta Kumasi ya same ni a Aboabo bayan la'asar, ya buɗe laftof ɗinsa kan benci, wai ƙaramin shel (manhajar da ke karɓar umarni a rubuce ta aiwatar) da ya rubuta da yaren C yana faɗuwa duk lokacin da aka ba shi dogon layi. Ina leƙawa na ga char buf[256], wato wurin bayit 256 kacal ya ware wa layin. Ƴan uwa wannan ita ce ta farko, kuma kusan kowa da ita yake farawa, sai mutum ya ga ya faɗi ya mayar da ita 1024 ya ce shi ke nan. Ba a gyara komai ba, an ɗage ranar ne kawai. Irin wannan sakacin ne tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta a intanet, ta bi a 1988 ta kan gets, fankshin ɗin C mai karanta layi ba tare da duba tsawonsa ba, shi ya sa aka cire gets gaba ɗaya daga C11, ƙa'idar C ta 2011. In karanta layi ne damuwarka ga getline nan, yana cikin POSIX, ƙa'idar tsarukan Unix, tun 2008, shi da kansa yake ƙara wuri.

Amma variable ɗin skirif da shel ɗin ke gudanarwa sai ka yi musu gida da kanka: fointa (mai riƙe adireshin wurin), tsawon abin da ke ciki, da girman wurin da ka karɓa daga memori. Abu uku, a wuri ɗaya. Lua ma, wani yaren skirif, haka take ajiye tsawon kowane rubutu, ba ta zama tana ƙirgawa da strlen, fankshin ɗin C mai auna tsawo, kullum.

Wajen ƙara wurin ne ake yawan tuntuɓe. Wani ko wane harafi ya shigo sai ya kira realloc, fankshin ɗin ƙara girman wuri, layin bayit 100,000 ya zama kira 100,000, alhali da ka fara da 64 kana ninkawa sau 11 ya ishe ka. Sannan don Allah kar ka rubuta p = realloc(p, n) kai tsaye, in ya dawo da NULL, wato wuri bai samu ba, tsohon adireshin ya ɓace maka ke nan, sa shi a wata fointa tukuna ka duba. Kuma bayan realloc kayan na iya yin ƙaura zuwa wani wuri, duk fointar da ke nuna tsakiyar tsohon ta zama guba, lambar matsayi za ka riƙe ba adireshi ba.

Bayit ɗin sifili na ƙarshe kuwa, wanda C ke rufe rubutu da shi, ka bar masa wuri: tsawo da ƙarin 1, kullum.

Wadda ta fi ba ƙanin nawa wahala ita ce x="$x ƙari", wato a ƙara rubutu kan abin da ke cikin x a mayar cikin x ɗin. Kod ɗinsa na sakin tsohon x kafin ya gama kwafa daga cikinsa, rannan ya yi aiki gobe ya fito da shirme, sai da muka sa Valgrind, manhajar gano kurakuran memori, ya nuna mana layin. Gina sabon ka gama, sannan ka saki tsohon.

Sai wadda ta shafe mu mu na zango kai tsaye, ita ce ta fi ci min rai don ba a cika koyar da ita ba. A UTF-8, tsarin da ake adana haruffa da shi, harafi ba bayit ba ne. ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne, haka ɛ da ɔ na Twi, alamar sidi ₵ ma 3 ce. Ka ba strlen kalmar ƙofa zai ce maka 5. In umarninka na yanka rubutu yana ƙirga bayit, wata rana zai raba ƙ gida biyu sunan mutum ya fito da akwatin tambaya a rasit. Memori ka auna da bayit, amma abin da mai skirif zai gani ka ƙirga masa da harafi, kuma kafin ka yanka ka duba bayit ɗin, in ya fara da 10 a binari kana tsakiyar harafi ne, ja baya har ka kai farkonsa.