Yadda ake sa wa adireshin komawa hatimi a ARM64 da GCC ko Clang

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne na gaji da ganin yara suna ƙara fulag ɗaya a Makefile su ce ai shike nan, sun kare furogiram ɗinsu.

Fulag ɗin dai shi ne -mbranch-protection=pac-ret, yana aiki daga GCC 9 zuwa sama. Kwamfaila zai sa paciasp a farkon fanshin, ya buga wa adireshin komawa, wato inda fanshin zai koma bayan ya gama, da ke cikin rajistar x30 hatimi da makulli na sirri haɗe da SP (manunin sitak) kafin a ajiye shi a sitak, sannan autiasp ya duba hatimin kafin ret, umarnin komawa. Wanda ya cika bafa ya rubuta nasa adireshin a kai, hatimin ba zai dace ba, furogiram ya faɗi. Ka buɗe furogiram ɗin da objdump -d, wanda ke nuna asambilinsa, ka gani da idonka, kar ka yarda da maganar kowa.

To ga inda na sha wahala. Na yi kwana biyu ina gwaji a Raspberry Pi 4, komai lafiya lau, har ina murna, ashe furosesan Cortex-A72 ɗin da ke ciki bai san wannan fasaha ta PAC (pointer authentication) ba sam, sai daga Armv8.3 ta fara. An ajiye paciasp da autiasp a sashen hint da gangan, tsohon furosesa yana tsallake su kamar NOP, umarnin da ba ya yin komai, ba kuskure ba gargaɗi, kai kana ganinsu a kod amma babu abin da suke yi. Ko Pi 5 ma haka ne. Don haka tun kafin komai ka duba /proc/cpuinfo, in ba ka ga paca ba, alamar cewa furosesa ya san fasahar, ka tsaya. In ba kuɗin hayar Graviton3, furosesan Amazon da ke da fasahar, QEMU mai kwaikwayon furosesa da -cpu max kyauta ne kuma ya isa gwaji. Ka lalata adireshin da kanka a dibagar gdb, ka tabbatar ya faɗi.

Ni ba na sa -march=armv8.3-a sai dole, don kwamfaila zai iya juyawa zuwa retaa, mai haɗa autiasp da ret a umarni ɗaya, shi kuma wannan tsohon furosesa bai san shi ba, furogiram zai mutu da SIGILL.

Sauran a gurguje: fanshin da ba ya kiran wani ba a sa masa hatimi sai ka ƙara +leaf, laburaren da ka haɗa su ma sai an sake gina su, asambili na hannu kuwa kai za ka sa paciasp da autiasp da .cfi_negate_ra_state mai sanar da cewa adireshin na da hatimi, in ba haka ba ranar da C++ ya jefa eksepshan za ka gane kurenka.