Darasi na 7: Kwanakin da ke gaban al'ada, yadda masu maganin Indiya suke kallon su

'Yar'uwa, kin san kwanakin nan. Saura mako ɗaya al'ada ta zo, zane ya matse ki a ƙugu, nono ya yi nauyi, yaro ya zubar da koko kin daka masa tsawa, can kuma kin koma ɗaki kina hawaye. Jini na zuwa, bayan kwana biyu ko uku sai abin ya lafa. Wannan ba mugun hali ba ne. Likitoci sun ce sinadaran jikin mace ne ke hawa da sauka bayan fitar ƙwai.

A Indiya akwai tsohon ilimin magani mai suna Ayurbeda, wato ilimin rayuwa. Har ma'aikata gwamnatinsu ta kafa masa tare da wasu magungunan gargajiya a 2014. Masu wannan ilimi sun ce abu uku ke tafiyar da jiki: vata mai ɗabi'ar iska, pitta mai ɗabi'ar wuta, da kapha mai ɗabi'ar ruwa da ƙasa.

A wajensu, mace mai ciwon mara, kumburin ciki, fargaba da rashin barci, iska ce ta yi mata yawa. Wannan iskar suka fi damuwa da ita, domin sun ce iskar da ke mara ita ke tura jini waje. Sai su ce macen ta ci abinci mai ɗumi, ta sha ruwan citta, ta shafa man riɗi mai ɗumi a mara, ta kwanta da wuri. Mai saurin fushi da ƙuraje, wuta ce, ta rage yaji da soye-soye. Mai nauyin jiki da kasala kuwa, ta tashi ta motsa.

Asibiti ba ya auna jiki da wannan rabo. Amfanin rabon a ganina shi ne yana sa mace ta lura da nata jikin.

Garin magani da ƙwayoyin da ba ki san asalinsu ba kuwa, ki guje su. Wani bincike a Amurka a 2008 ya samu gubar dalma ko makamanciyarta a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya ta intanet. Mun ga ɓarnar dalma a Zamfara a 2010.

Aiki: Ki samu kalanda. Duk ranar da kika ji wani abu, ki rubuta kalma ɗaya: mara, fushi, kasala. Ranar jini ki zana da'ira. Ki yi haka wata biyu. In abin yana hana ki aiki, ko baƙin ciki ya kai ki ga tunanin cutar da kanki, kada ki jira wata biyun, ki ɗauki kalandar ki je asibiti.