Fedal ɗin Jitar Bas: Kurakuran da Ke Cin Kuɗi, Su Kwashe Kaurin Kiɗa

Mai bas a ƙungiyar kiɗa aikinsa ɗaya ne kafin komai: ya riƙe gindin kiɗa tare da mai ganga, don masu rawa su samu inda za su taka. Fedal, ƙananan akwatunan nan da ake jerawa a ƙasa tsakanin jita da amfili (akwatin da ke ƙara sauti) ana takawa da ƙafa, suna iya ƙara wa bas armashi, suna kuma iya kwashe masa kaurinsa gaba ɗaya mai shi bai ankara ba. Yawancin ɓarnar da ake yi a Yamai ba ta rashin kuɗi ba ce. Sau da yawa ma wanda ya fi tara akwatuna shi ya fi rasa sauti.

Aron fedal ɗin mai jita

Daga nan kowa ke farawa. Mai jitar solo yana da fedal ɗin distoshon, mai murɗe sauti ya yi gurnani, mai bas ya ara ya jona, ya ji gurnani yana fita daga amfili, ransa ya yi fari. Abin da bai ji ba shi ne abin da ya ɓace. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a bas mai tsirkiya huɗu, tana kaɗawa a wajen 41 Hz, wato sau 41 a daƙiƙa. Ta jita tana wajen 82 Hz. Mai tsirkiya biyar kuwa B ɗinsa ya sauka har wajen 31 Hz. Fedal da yawa na jita da gangan aka ƙera su su rage ƙasan sauti kafin su murɗe shi, don solo ya fito tas ya ratsa ganguna. Tube Screamer na kamfanin Ibanez, wanda aka kwaikwaya fiye da ƙima, yana fara zaftare abin da ke ƙasa da wajen 720 Hz. Ga mai jita wannan alheri ne. Ga mai bas kuwa garin neman gira ne a rasa ido: ka taka, sai bas ya koma jita mai mura, fili ya yi fayau, masu rawa su ji kamar an janye musu wani abu amma ba su san mene ne ba.

Kai da ke tsaye kusa da amfili ba za ka gane ba, don ƙarar tsakiya ta cika maka kunne. Musamman a fili buɗaɗɗe, irin dandamalin Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda ko bikin da aka kafa rumfa a bakin titi, inda babu bangon da zai maido da kauri, asarar takan fito fili.

Maganinsa shi ne fedal mai haɗa sauti biyu: tsabtataccen bas ɗinka yadda ya fito daga jita, da wanda aka murɗa, a gauraya su. A jikin Boss ODB-3 an rubuta wa wannan maɓallin Balance, a na Darkglass an rubuta Blend, shi kuma Bass Big Muff Pi yana da ɗan makunni mai matsayin Dry. Idan ka riga ka sayi fedal ɗin jita kuma kana son muryarsa, Boss LS-2 zai raba maka hanya biyu ya sake haɗa su. Ka fara da tsabtataccen sauti zalla, sannan ka riƙa ƙara gurnanin kaɗan-kaɗan kamar yaji a miya, har ka ji shi ba tare da ya rufe komai ba. Gwajin kuwa ba a ɗaki kai kaɗai ake yin sa ba. Ka sa mai ganga ya buga, ka tura wani ya tsaya can nesa inda jama'a za su tsaya, ka taka ka ɗaga, ya faɗa maka ko kaurin ya ragu.

Kada wannan ya sa ka guji distoshon ɗungurungum. Ɗan kaɗan ɗinsa yana da amfanin da mutane ba sa lura da shi. Da yawa daga masu sauraronka yanzu ta waya za su ji ka, a bidiyon biki da ke yawo a WhatsApp da TikTok, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da 41 Hz ko kusa. Ɗan gurnanin nan yana haifar da muryoyi na sama a kan kowace nota, su ne kunne ke kamawa ya gane layin bas ko da kaurin bai iso ba.

Wuta

A nan aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, ɗan'uwa ya aiko masa da fedal daga Faransa ko Kano, ya zo ba adafta, sai ya ɗauki ta dikoda ko ta akwatin intanet don bakinta ya shiga ramin. Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Yawancin fedal suna cin bolt 9 ne, kuma bisa tsarin Boss da kusan kowa ya bi, tsakiyar filogin ita ce mai alamar ragi, bayanta mai alamar ƙari. Adaftocin kayan gida da yawa bolt 12 ne, kuma tsakiyarsu ƙari ce, wato akasin abin da fedal ke so. Idan ka yi sa'a ƙaramin diyod ɗin kariya ne zai ƙone, mai gyaran rediyo ya sauya maka. Idan ba ka yi ba, sai dai ka ajiye akwatin ka riƙa kallo. Akwai ɗan zane a jikin adafta da kuma kusa da ramin fedal da ke nuna wace alama ce a tsakiya. Ka kwatanta su kafin ka jona, ko da mai sayarwa ya rantse maka. Ka duba kuma ko AC aka rubuta ko DC, don wasu tsofaffin fedal, irin DL4 na Line 6 na farko, adaftarsu AC take fitarwa, kuma idan ta shiga fedal na DC ta gama da shi.

Bolt dole ya zo daidai, amma adadin mA da aka rubuta a adafta, wato yawan wutar da take iya bayarwa, yana iya zarce abin da fedal ke buƙata, ba laifi, fedal abin da yake so kawai yake ja. Ƙarancinsa ne matsala. Fedal na analog kamar distoshon abin da yake ci kaɗan ne, sau da yawa bai kai mA 20 ba, amma na dijital yana iya neman ɗari ko ɗaruruwa. Idan ka jera su biyar a waya ɗaya mai rassa, ka tara lissafinsu ka gani ko adaftar za ta ɗauka. Ko ta ɗauka ma, haɗa na dijital da na analog a reshe ɗaya yakan kawo wani siririn fito da ba ka san daga ina yake ba. Akwatin wuta mai raba kowace mafita da ƴar'uwarta shi ke kashe wannan, kuma na fi son mutum ya sa kuɗinsa a nan da ya sayi fedal na uku.

Kuran ɗinmu bolt 220 ne a 50 Hz. Adafta mai nauyi da ta zo daga Amurka aka rubuta mata 120 kaɗai, kana sa ta a bango za ta yi hayaƙi. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ita ce ke zuwa ko'ina. Sai batun gurup a wurin biki. In wuta ta ɗauke, ka kashe amfili nan take, ka bari injin ya tashi ya daidaita, masu firji da fitilu su gama jan nasu, sannan ka kunna. Amfili shi ne na ƙarshen kunnawa, shi ne na farkon kashewa. Masu wasa a Tawa da ƙauyukan Adar, inda ba kullum ake samun wutar kirki ba, su tuna cewa Zoom B1 Four yana aiki da pil huɗu ƙanana ko ta USB, don haka pawabank ɗin waya ma zai riƙe shi. Mai amfani da pil mai bolt 9 kuwa ya san cewa muddin wayar jita na cikin ramin shiga, fedal yana shan pil ko da a kashe yake. Ka zare idan an tafi hutu.

Idan kana jin wani guuu da ba ya yankewa, ko makirufo yana ɗan cizon leɓen mawaƙi, matsalar wayar ƙasa ce a wurin. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don a yi shiru, ran mutum ne a ciki. Akwatin DI, wanda ke kai sautin bas kai tsaye zuwa miksa (na'urar haɗa sautin ƙungiya), yana da makunnin da ke raba wayar ƙasan miksa da ta kayanka, shi ake gwadawa. Cizon makirufo kuwa sai an kira mai gyaran wuta kafin a ci gaba.

Sayen kwalliya kafin kayan aiki

Wani tsohon mai sono ya taɓa kallon allon wani yaro cike da fedal shida, ya ce masa: "Ƙanena, duk wannan, ina wanda zai ba ni kai a miksa?" Yaron ya ce, "Yaya, ai sai a sa wa amfili makirufo." Amfilin kuwa ƙarami ne na gwaji a ɗaki. DI mai mafitar XLR, irin SansAmp Bass Driver na Tech 21 ko kwaikwayonsa mai araha BDI21 na Behringer, yana kai sautinka kai tsaye manyan bafil ta doguwar waya ba tare da hayaniya ba, kuma ko wane amfili ka tarar a wurin, muryarka tana ƙafarka. Kafin shi ma akwai akordar, na'urar saita tsirkiya. Zafin Afrilu da Mayu, da fitowa daga mota mai sanyi zuwa fili, suna sa tsirkiya ta zame, kuma bas da ya kauce yana ɓata wa ƙungiya duka. Na takawa kamar Boss TU-3 yana kashe sauti yayin da kake saitawa, don haka jama'a ba sa jin kana laluben nota tsakanin waƙoƙi.

Kwamfuresa shi ne na uku, kuma shi aka fi murɗawa fiye da kima don ba a jin aikinsa a fili, sai mutum ya ɗauka bai yi komai ba. Aikinsa daidaita nota mai ƙarfi da mai rauni. Ka sa maɓallin matsinsa a 4:1, ka bar farkon nota ya wuce kafin ya kama, ya rage desibel uku zuwa shida a inda ka buga da ƙarfi. In ka wuce nan, hannunka ya daina magana: ka buga a hankali ko da ƙarfi duk ɗaya, kuma duk shuuu ɗin da ke cikin wayoyi zai taso a wurin da aka yi shiru.

Oktaba da eko

Oktaba yana ƙara nota ta ƙasa da wadda ka buga. Na analog kamar Boss OC-2 nota ɗaya yake ganewa a lokaci ɗaya, kuma sai an ba shi ita a tsabtace. Masu cewa nasu ya lalace don yana ɓarɓarniya galibi sun bar wata tsirkiya tana kaɗawa a gefe. Ka danne sauran da hannu, ka koma mikoron jikin jita, mai ɗauko sautin tsirkiya, wanda ke kusa da wuyanta, ka rage zaƙin sauti, ka yi wasa daga gaɓa ta biyar zuwa sama. Buga E a sake da oktaba yana neman lasifika ta fitar da wajen 20 Hz, abin da kunne da kyar yake ji, ita kuwa takardar lasifikar sai ta yi ta fiffika har ta yage. In bafil ɗin haya ne, ka shirya biyan kuɗi.

Eko, mai amsa kuwwa, da korus, mai sa nota ɗaya ta ji kamar jita biyu ke buga ta, a kan kaurin bas laka suke kawowa, balle a kiɗa mai saurin juyi irin namu inda kalangu da ƙwarya suka riga suka cika kowane gurbi. A ajiye su sai solo ko gabatarwar waƙa mai sanyi. Boss CEB-3 yana da maɓallin da ke hana korus taɓa ƙasan sauti, shi ya bambanta shi da na jita.

Jeri kuwa ba doka ba ce, amma wannan ba ya ba da kunya: akordar, kwamfuresa, oktaba, distoshon, korus, eko, DI a ƙarshe. Oktaba bayan distoshon ruɗewa yake.

Mai komai-da-ruwanka

Akwati ɗaya mai ɗauke da sautuka barkatai, na Zoom ko Boss, shi ya fi dacewa da aljihun mai farawa, ba na musu. Kuskuren shi ne hawa dandamali da saitin da ya zo da shi daga masana'anta. An shirya waɗannan ne don su burge a belun kunne: ƙasa da sama sun yi yawa, an kwashe tsakiya, alhali tsakiyar nan, daga wajen 200 zuwa 800 Hz, ita ke sa a ji bas cikin jita biyu da piyano. Ka gina naka guda uku, tsabtatacce da mai ɗan gurnani da na solo, ka daidaita ƙarfinsu don kada mai sono ya riƙa bin ka da hannu duk lokacin da ka taka. In cikin amfili na gaske kake shiga, ka kashe kwaikwayon bafil da ke ciki. In miksa kai tsaye ne, ka bar shi. Duk wannan a wurin gwaji ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙura da kayan hannu

Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai da ramukan jak, inda ake jona waya, sai ka ji ƙarat-ƙarat in ka murɗa. Feshin goge kayan lantarki ake sa wa, ba man keke ba, ba na inji ba. A rufe allo da zane in an tashi, kada kuma a bar shi cikin mota a rana. Kafin ka zargi fedal da yanke sauti, ka zare gajerun wayoyin da ke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, don su suka fi mutuwa.

In na hannu za ka saya, ka tafi da bas ɗinka da adaftarka. Ka taka makunnin sau da yawa, ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, ka girgiza jak a raminsa kana saurare, ka buɗe gidan pil ka duba ko wani ya taɓa fashewa a ciki ya bar farin gari ko kore. Ka bar shi a kunne kamar minti goma, don wata cutar sai ya ɗau zafi take fitowa. A jakarka kuma kullum a samu doguwar waya ɗaya mai lafiya da za ta haɗa jita da DI ko amfili kai tsaye, in allon ya ƙi a tsakiyar wasa.