Yadda Nake Saita Fokas Don Kama Shirwa da Shaho Suna Tashi a Sararin Kaduna

Duk wanda ya saba ɗaukar hoton biki ya san kyamara tana da biyayya muddin amarya tana zaune. Tsuntsu mai farauta kuwa ba ya jiran kowa. Shirwa za ta yi ta shawagi a hankali kamar ba ta da wata niyya, sai ta murɗa wutsiyarta mai baki biyu, ta kawo sura, kafin ka ankara ta fice daga cikin hoton. Idan ka bar kyamararka a saitin da ta zo da shi daga shago, abin da za ka koma gida da shi shi ne sarari tar, da wani baƙin abu dishi-dishi a tsakiya. Ni dai ra'ayina, yawancin wannan matsala ba ta tsadar kyamara ba ce. Ba a gaya wa fokas, wato abin da ke sa hoto ya fito tar, abin da ake so ya riƙe ba ne, ba a kuma hana shi saki ba.

Fara da fitar da kyamara daga fokas mai kamawa sau ɗaya ya tsaya. A Canon sunansa One-Shot, a Nikon da Sony AF-S. Wannan na hoton fasfo ne. Abin da kake buƙata shi ne wanda ke ci gaba da auna nisa muddin yatsanka yana kan maɓalli: AI Servo ko Servo AF a Canon, AF-C a Nikon da Sony. Akwai na tsakiya da ke zaɓa da kansa, AI Focus ko AF-A; ka rabu da shi, don kafin ya gama yanke shawara tsuntsu ya wuce. Sannan ka sa ɗauka a jere mafi sauri. Tsofaffin kyamarori irin Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016, waɗanda har yanzu ake samun na hannu, suna ba da hoto 10 a daƙiƙa, kuma hakan ya wadatar.

Na biyu, ka raba aikin fokas da maɓallin shota. Ka mayar da shi maɓallin baya, wanda aka rubuta AF-ON a kansa, babban yatsa yana riƙe da fokas, manuniya tana ɗauka. Amfaninsa zai bayyana ne ranar da fokas ya kuɓuce ya kama bishiyar da ke bayan tsuntsu: sai ka ɗaga babban yatsa, ka dawo da tsuntsun tsakiya, ka sake dannawa. Da farko hannu zai riƙa mantuwa, amma yana sabawa da wuri.

Inda na fi so ka natsu shi ne zaɓen faɗin wurin da fokas zai duba, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi. Tambayar da nake yi wa kaina kafin na ɗaga kyamara ita ce: mene ne a bayan tsuntsun? Idan sarari ne fayau, babu komai, to ka buɗe wuri mai faɗi, Zone a Canon da Sony, ko d72 zuwa d153 a D500 (lambar ita ce yawan ɗigogin da kyamara ke auna fokas da su), ko ma dukan ɗigogin. Babu abin da zai ruɗi kyamara, tsuntsun kaɗai ne mai gefe da launi a wurin. Amma da zarar shirwa ta sauko ƙasa-ƙasa ta gitta gaban itatuwan mangwaro na bakin kogin Kaduna, ko rufin kwano, ko wayoyin lantarki, wuri mai faɗi ya zama abokin gaba. Ganye da kwano sun fi gashin tsuntsu kaifin gefe, kyamara kuwa abin da ya fi kaifi take bi. A nan sai ka tsuke: Group-area ko d25 a Nikon, ɗigo ɗaya da mataimakansa na kewaye a Canon. Ɗigo ɗaya tak ba na ba sabon shiga shawararsa, saboda riƙe shi a kan kan tsuntsun da ke gudu da lens mai nauyin kilo biyu aiki ne na wanda ya daɗe a harkar.

Tunda tsuntsu ɗaya yana iya fita daga sarari ya shiga gaban itatuwa cikin ƙiftawar ido, babu lokacin shiga jerin saiti. Don haka nake ɗora saiti biyu a kan maɓallai biyu. AF-ON yana ɗauke da tsukakken wuri, maɓallin da ke kusa da shi yana ɗauke da mai faɗi. 7D Mark II da D500 duka biyu suna yarda da haka a sashen sauya aikin maɓallai. A ganina, cikin duk abin da zan faɗa, wannan ya fi ƙara yawan hotunan da za ka ajiye.

Masu kyamara marar madubi sun samu sauƙi. Canon R5 da R6 sun zo a 2020 da gane idon dabba har da na tsuntsu, Sony A1 ta biyo baya a 2021 da nata, Canon R7 ta 2022 ma tana da shi a farashin da ya fi sauƙi. Ka kunna shi, ka tabbatar ka sauya abin nema daga mutum zuwa dabba ko tsuntsu, musamman idan jiya ka yi aikin ɗaurin aure. Sai dai kada ka sakar masa ragama gaba ɗaya. Idan tsuntsu yana nesa, ƙanƙane a cikin hoto, kyamara ba ta gane shi, sai ta yi ta tsalle tsakanin rassa. Ka bar maɓalli ɗaya da tsukakken wuri wanda babu gane tsuntsu a cikinsa, don ka nuna mata da hannunka.

Akwai wani saiti da ke ɓoye can ciki wanda mutane ba su cika taɓawa ba: saurin da fokas ke sakin abin da ya riƙe idan wani abu ya gitta. A Canon ma'aunin yana tafiya daga -2 zuwa +2. Ka kai shi -1, ko -2 idan wurin yana da cunkoso. A Nikon daga 1 zuwa 5 ne, kuma 4 ko 5 su ne masu jinkirin saki. A Sony akasin haka ne, 1 da 2 su ne masu riƙo. Ma'anarsa ita ce idan turken lantarki ya shiga tsakaninku, ko hannunka ya kauce kaɗan, kyamara za ta ɗan jira maimakon ta ruga bango. Yana da nasa farashi: idan tun farko bango ta kama, za ta nace a kansa. Maganin shi ne ɗaga yatsa a sake dannawa, kamar yadda na faɗa. Ga shaho kuwa, wanda ke sauya gudu farat ɗaya idan ya hango tantabara, nakan ɗaga ma'aunin bin sauyin gudu zuwa +1 a Canon.

Kada ka manta da ɗan makunnin da ke jikin lens mai taƙaita nisa. A Nikon 200-500mm za ka ga FULL da kuma daga mita 6 zuwa ƙarshen gani. A tsohon Canon 400mm f/5.6 akwai daga mita 3.5 ko daga mita 8.5, Sony 200-600mm tana da daga mita 10. Zaɓi na nesa. Shirwa ba za ta zo mita uku da kai ba, to me zai sa lens ya ɓata lokaci yana nema a nan? Kuma kafin tsuntsu ya iso, ka fara kama fokas a kan wata bishiya mai nisan da kake tsammani, yadda zai bayyana a ramin leƙen kyamara ko da da ɗan dishi.

Yanzu maganar da littafin kyamara ba zai gaya maka ba, wato hazo. Fokas yana aiki ne da bambancin haske da duhu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ta rufe gari, sarari yana komawa launin toka, shirwa kuma dama launin ƙasa gare ta, sai bambancin ya ragu ƙwarai. Za ka ji lens yana kai da komo bai kama komai ba. Babu saitin da ke share ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu. Iyakar abin yi shi ne haƙuri har ya matso ya cika wani yanki mai kyau na hoton. Ka ƙara haske da +1 ko fiye, domin farin sama yana yaudarar ma'aunin kyamara ta mayar da tsuntsu baƙi ƙirin. Amma hunturu yana da kyautarsa. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma da safe tana gabas. Tsuntsaye suna fuskantar iska idan za su tashi ko sauka, don haka idan ka ba gabas baya da hantsi, rana tana bayanka, tsuntsu kuma yana fuskantarka. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, ka guji tsakar rana: hucin da ke tashi daga kwalta da kwano yana lanƙwasa haske, hoto ya fito da taushi ko da fokas ya kama daidai. Lokacin da na fi ƙauna shi ne bayan ruwan farko, iska ta wanku, shinge ya fito, shirwa suna kama shi da ƙafa a sama.

Sauran saiti a taƙaice: saurin shota 1/2000 na daƙiƙa ga shirwa mai shawagi, 1/3200 ko sama ga shaho, buɗewar lens f/7.1 ko f/8 don fikafikai su shiga fokas, tunda faɗinsu a shirwa yana kusan mita ɗaya da rabi. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya zaɓi kansa.

Wurin koyo ba ya wahala. Kowace mayanka a gari tana tara shirwa da hankaki, haka wurin da manoma suka sa wa gona wuta da rani, inda suke zuwa kama fara. Ka gaida sarkin fawa ko mai gona, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka fara da balbela da hankaka, masu tafiya miƙe, kafin ka nemi shaho. Kaduna gari ne na barikoki, don haka dogon lens ba abin ɗagawa ba ne a kusa da makarantar horar da sojoji ta NDA ko sansanin sojan sama na Mando, kuma kafin ka nufi duwatsun Kajuru ko wani wuri a bayan gari ka tambayi 'yan yankin halin da hanya ke ciki. Idan Allah ya haɗa ka da ungulu, ka ɗauke ta da kyau, amma kada ka bayyana inda sheƙarta take. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka taso muna gani a kasuwa cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma masu neman sassan jikinta don magani suna cikin dalilan.

Da ka dawo gida, ka kunna saitin da ke nuna ɗigon fokas a kan hoton da aka ɗauka, ka ƙara girman kan tsuntsun. Idan bango ya fito tar tsuntsu ya yi dishi, wurin fokas ya yi faɗi ko yana saurin saki. Idan bakin fiffike ne ya fito ido bai fito ba, ka tsuke wuri ka auna kai, ko ka rufe lens zuwa f/8. Idan kuwa babu abin da ya fito tar a hoton gaba ɗaya, fokas ba shi da laifi: ka ɗaga saurin shota, ko ka duba ƙarfe nawa ka ɗauka da kuma yadda hazo yake a ranar.